Gangar Robar da Yaya Yake Shanyawa

Sau bakwai na buɗe cikin gangar nan a damina ɗaya. Har yau in na shaƙi warin sholisho sai in ji ƙuguna ya riƙe, don kusan duk aikin a durƙushe na yi shi.

A lokacin ina da rumfar gyaran rediyo a Kwanar Dangora, daf da inda motocin Tudun Wada da Doguwa suke lodi. Farkon shekarun casa'in ne. Aikina rediyo da kaset, jefi-jefi tocila, ko agogon bango wanda mai shi zai rantse maka jiya-jiyan nan yana tafiya, alhali kyankyasai sun yi jikoki a ciki. Ban taɓa neman aikin ganga ba. Hasali ma gudun ganga ne ya kai ni gyaran rediyo.

Gidanmu gidan kiɗa ne, a wani ƙauye cikin ƙasar Kiru. Babanmu gangar noma yake kaɗawa. Ni tun ina ƙarami na ƙi abin, na tsere Kano na koyi riƙe sukundireba. Yayana, wanda ya ba ni shekara goma sha ɗaya, shi ya gada, kuma ya gada da kyau. Ya san taken kowane manomi a yankinmu. In ana gayya yakan bi bayan mutum da ganga a hankali, kamar mai raɗa masa magana a kunne, sai can ya sakar masa hannu, ka ga ƙato yana neman tsaga ƙasa da garma. Duk gwanintarsa a nan take, a tsakanin taɓawa da dukan gaske. Ni da ba na son kiɗa ma na san wannan.

Sai gayya ta fara mutuwa. Mai gona ya gwammace ya ɗauki 'yan ƙwadago su gama masa da hantsi, ba tuwo ba fura ba makaɗi. Masu biki kuma suka gano kaset ba ya cin abinci. Yaya ya shekara biyu a ƙofar gida yana gyaran igiyar da ba ta lalace ba, ganga tana rataye a ɗaka. Ya rame, ya rage magana. Matarsa ta taɓa ce mini in ya zauna shiru yatsunsa ba sa daina motsi a kan gwiwarsa.

Ana haka wani mutum da kowa yake kira Oga ya aiko a neme shi. Oga yana da ƙungiyar kiɗan zamani, sun kama ɗaki a Bagauda. Asabar da Lahadi da la'asar suna yi wa masu zuwa shan iska a bakin ruwa wasa, sauran ranaku kuma duk inda aka gayyace su biki suna zuwa da tsohuwar bas ɗinsu da janareta. Yana da mai fiyano, da mai jita, da direba, shi kuma yana waƙa. Ya sayo gangar lantarki 'yar Kwatano, mai kaɗa ta ya gudu Kaduna, shi ne wani ya ba shi labarin Yaya.

Ranar da na fara ganin abar sai da na yi dariya. Faya-fayai ne guda biyar masu kusurwa shida, samansu baƙar roba, ƙasansu katako, an kafa su a jikin ƙarafa. Kowanne da wayarsa, duk sun taru a wani akwati mai maɓallai, daga nan zuwa lasifika. In ba a kunna wuta ba, ka buga sai ka ji kamar ka ƙwanƙwasa benci. Na ce a raina Yaya ba zai yi mako a kan wannan ba. Ya ba ni kunya. Cikin wata guda ya san halin kowane faifai, ya gano cewa abar tana bambanta taɓawa da duka, ya kuwa kwaso taken manoman Kiru kaf ya zuba mata. An ce a wani biki na Fulani wajen Doguwa wani dattijo ya ji takensa na fitowa daga lasifika, ya miƙe yana waige-waige yana neman inda aka ɓoye ganga. Oga ya riƙe Yaya hannu bibbiyu. Yaya ya murmure, ya ɗinka sabuwar riga, har tsokanata ya koma yi yana kirana Malam Injiniya.

Da ruwa ya sauka sai faifai ɗaya ya fara gardama. A buga sau uku ya amsa sau ɗaya. Direba ya kawo mini shi rumfa a cikin buhu. Na kwance kusoshin ƙasa, na ɗaga katakon, sai ga abin da ke jin dukan: ɗan faifan tagulla ne sirit, faɗinsa kamar kwabo, da wayoyi biyu kamar gashi. Oga yana ce masa sensa, ni kuwa kunne nake ce masa, don aikinsa ke nan. An liƙa shi a kan wani ɗan soso mai laushi, soson kuma an liƙa shi a jikin katako. Gam ɗin ya saki, kunnen yana reto. Na ce wannan ai aikin minti goma ne. Na karɓo sholisho wurin mai faci na kusa da ni, na shafa, na danne, na mayar. Ya yi ras.

Bayan kwana takwas aka dawo da shi, tare da ɗan'uwansa. Na sake liƙewa. Mako na gaba guda uku. Daga nan Oga ya ce kwance su da ɗaura su ma wahala ce, in riƙa zuwa Bagauda da kaina. Sai in rufe rumfa, in ɗauki jakata da risho, don a kansa nake gasa ƙarfen narka dalma in babu wuta, in tsaya bakin titi ina jiran mota. In isa in durƙusa a siminti, in buɗe, in tarar da abu ɗaya: gam ya yi laushi ya kama yauƙi, kunne ya zame gefe, wani lokaci har waya ta tsinke. Na zargi laima. Na zargi girgizar bas a hanyar Doguwa. Na zargi mai facin da cewa yana sirka sholishonsa da fetur, muka yi kwana uku ba ma gaisawa. Na sauya gam har kala uku. Masu rediyo suna zuwa suna tarar da rumfata a rufe, suna wucewa.

Na gaji. Ba gajiyar jiki kaɗai ba, irin gajiyar nan ta mutumin da yake yin aiki daidai kuma aikin yana warwarewa a bayansa, bai san dalili ba. Na fara jin haushin gangar, da Oga, da wanda ya ƙera ta, da jirgin da ya ɗauko ta.

A gyara na shida Oga ya ja ni bayan bas. A wani biki a Bebeji babban faifan ya mutu ana tsakiyar rawa, mata suka yi ta shewa.

Ya ce, "Injiniya, ni ba na son dogon Turanci. Abin nan zai gyaru ko ba zai gyaru ba?"

Na ce, "Zai gyaru, Oga."

"Haka ka ce wancan makon. Ka ga fiyanon can? Akwai kiɗa a cikinsa, maɓalli ɗaya za a danna. Ba ya kai na yayanka daɗi, na sani, amma ba ya kunyata ni. Wallahi in ta sake mutuwa a gaban jama'a, ajiye ta zan yi. In na ajiye ta kuwa ka san ba ni da abin da zan ba dattijon nan ya yi."

Ban ga laifinsa ba. Na dawo gida ina tuna Yaya a ƙofar gida da igiyarsa.

Asabar ɗin da ta biyo baya ba wanda ya kira ni. Ni na ce bari in je in duba kafin wasan la'asar, don hankalina ya kwanta. An kwana ana ruwa, gari ya waye da rana mai zafin gaske, irin ta tsakiyar damina. Na isa wajen ƙarfe goma sha ɗaya. Oga da sauran sun tafi neman mai, ɗakin kayan a buɗe, ƙarafan ganga a tsaye tsirara, ba faifai ko ɗaya. Na ɗauka sata aka yi. Na zagaya baya.

Ga su nan su biyar, an jera su a kan wani tsohon kwanon rufi, fuskarsu na kallon rana, kamar an shanya tattasai. Yaya yana tsugune a gefe, yana juya su ɗaya bayan ɗaya, yana ɗan ƙwanƙwasa kowanne da yatsa yana kara kunne. Na sa hannu a kan guda, na janye ba shiri. Da za a fasa ƙwai a kai da ya soyu.

Na ce, "Yaya, mene ne wannan?"

Ya ce, "A'a, Malam Injiniya, saukar yaushe? Ai jiya ta sha sanyi. Ina ɗan tayar da ita ne kafin wasa."

"Tun yaushe kake yin haka?"

"Tun da ruwa ya sauka mana. Ranar da ƙaramar nan ta fara nauyin baki na ce sanyi ne. Ganga da damina in ba ka nuna mata rana ba ai ba za ta yi magana ba. In babu rana kuma nakan ɗan kara ta da garwashin mai shayi."

Ya faɗi haka hankalinsa kwance, yana ma jiran in yaba. Haka Baba yake yi, haka kakanmu ya yi. Na sha ganinsu da safiyar gayya sun jingina ganga a bango gabas, fata tana ɗamewa, murya tana dawowa. Duk makaɗin da ya san aikinsa haka zai yi. Shi bai ga bambanci ba: ganga ta yi sanyi, a kai ta rana. Tana ƙara lalacewa yana ƙara mata rana, ni kuma ina biye da sholisho.

Da na yi dariya a lokacin da an wuce wurin. Amma makonni shida na durƙuso da jiran mota suka taso mini gaba ɗaya.

Na ce, "Haba Yaya! Wannan fatar akuya ce? Roba ce da katako da gam! Kai kake narkar da aikina kullum, ni ina can ina faɗa da mai faci. Za ka kori kanka da hannunka, ka sani?"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan. Ya dube ni, ya dubi faya-fayan. Bai yi fushi ba, abin da ya fi damuna ke nan.

Ya ce, "To in ta yi sanyi me zan yi mata?"

"Ba ta yin sanyi. Ba ka yi mata komai. Ka zauna ka buga kawai."

"Komai?"

"Komai."

Can ya miƙe ya fara kwashe su da gefen rigarsa saboda zafi, yana kai su inuwa.

Ban gaya wa Oga ba, kuma ban yi niyya ba. Sai dai ban yarda Yaya zai daina ba. Hannun da ya shekara arba'in yana kai ganga rana ba zai bari don ƙaninsa ya yi masa tsawa ba. Na ce bari in yi gyaran da ko a tanda aka sa ta ba za ta saki ba. A jakata akwai gam ɗin nan mai bututu biyu, wanda ake haɗawa a cakuɗa, in ya bushe ya zama dutse. Masu gyaran mota ke liƙe tankin ruwa da shi. Na buɗe faya-fayan duka biyar. Ɗan soson da ke ƙarƙashin kowane kunne ya riga ya dagargaje saboda zafi da yawan ɓamɓara. Na kankare shi na zubar. Na san akwai dalilin da ya sa aka sa shi, ba zan ce ban sani ba. Kamata ya yi in nemi wani soson, ko na tsohuwar katifa ne, in yanka daidai. Amma la'asar tana matsowa, gwiwoyina suna zafi, kuma a raina na ce soso ne ma yake sa abin ya riƙa saki. Na manna kowane kunne kai-tsaye a jikin katako, na ɗora musu duwatsu, na zauna ina jira.

Da Oga ya dawo aka tayar da janareta. Na taɓa babban faifan da ɗan yatsa, sai lasifika ta yi wata ƙara har mai jita ya zabura. Oga ya yi tafi.

Ya ce, "Yauwa! Yanzu na ji magana. Ko sabuwa ba ta yi haka ba."

Yaya ya zauna a kujerarsa ya ɗauki sanduna. Taken Babanmu ya fara, wanda yake somawa ƙasa-ƙasa kafin ya tashi. Sai ya fito da ƙarfi tun daga bugun farko. Ya tsaya, ya sake, ya sassauta hannu har sandar da ƙyar take taɓa roba. Ƙara ɗaya. Ya ɗaga hannu ya doka da gaske. Ita ce dai, ba ragi ba ƙari. Na je wurin akwatin na murɗa maɓallin rage ji. Sai ƙananan bugun suka ɓace ɗungurungum, manyan suka fito yadda suke. Na mayar, na sake murɗawa, na nemi tsakiya. Babu tsakiya. Ashe soson nan shi yake tace dukan, shi yake sa kunnen ya san taɓawa daban duka daban.

Yaya ya ajiye sandunan a cinya. A hankali ya yi maganar, ni kaɗai na ji.

"Ta daina saurare. Ihu kawai take yi."

Na ce, "Amma dai ba za ta sake mutuwa ba."

Ya ce, "Haka ne. Allah ya yi albarka."

Na so a ce zagina ya yi. Na gwada ɓamɓare guda ɗaya bayan kwana biyu, a kan ƙaramin faifan da ba a cika bugawa ba. Na sa bakin reza, na ji tagullar tana shirin tsagewa, na janye hannu. In ta fashe ba ni da wata. Na yi cigiyar irinta a Kano wurin masu kayan rediyo, wani ya ce in dawo wata mai zuwa, wani ya ce bai taɓa gani ba. Na je sau biyu. A na uku ban je ba, na ce sai an kwana biyu. Gaskiyar magana na ji daɗin komawa rumfata ba mai aiko mini da buhu, kuma na bar wannan daɗin ya rufe mini baki.

Gangar kuwa ba ta sake mutuwa ba. Damina ta wuce, kaka ta zo, bukukuwa suka yi yawa. Yaya yana zuwa yana bugawa. Direba ya gaya mini ya daina saka taken kowa, ya koma bin fiyano kawai, tim-tim-tim, yana kallon gefe.

Wata Lahadi zazzaɓi ya kwantar da Yaya. Oga ya rasa yadda zai yi, sai direban nan, wanda iyakar kiɗansa buga sitiyari in yana jin kaset, ya ce bari ya gwada. Ya zauna ya yi ta duka. Aka yi rawa, aka watse, ba wanda ya tambayi ina dattijon. Mako na gaba ma haka, don Yaya bai gama warwarewa ba. Da ya warke ya koma, Oga ya karɓe shi da mutunci, ya ba shi shadda da buhun masara, ya ce shekaru sun ja, yawon bas ɗin nan ba na manya ba ne, ya je ya huta. Ba a yi faɗa ba. Direba ya riƙe tuƙi ya riƙe ganga.

Na je ƙauye na same shi a ƙofar gida. Na fara kame-kame, ina cewa in aka samo sababbin kunnuwa zan mayar da ita yadda take, in ya so a yi wa Oga magana. Ya ce in bar shi, abin da Allah ya tsara ke nan, ya tambaye ni lafiyar yara. Bai taɓa gaya wa kowa abin da na yi ba, kamar yadda ban taɓa gaya wa kowa ya shanya ganga a kwano ba. Matarsa har ta rasu tana cewa ƙanin mijinta ya yi iya ƙoƙarinsa.

Bayan kamar wata huɗu, wata ranar kasuwa, ina zaune a rumfa sai ga shi. Ya yi sallama, na ba shi benci, na sayo masa ruwa mai sanyi. A hammatarsa akwai ƙaramar rediyonsa naɗe da tsumma, wadda ni na saya masa, ni nake gyara ta tun tana sabuwa. Muka gaisa, muka taɓa hirar gero da tsadar taki. Na miƙa hannu.

"Me ya same ta? Kawo in duba."

Ya ɗan matse ta a jikinsa. Ya ce, "Bar ta, ba wani abu ba ne. Murya ce ta ɗan shaƙe."

"Ai yanzu zan buɗe ta, ba ta minti biyar ba."

"Na sani, Malam Injiniya. Kana da aiki a gabanka."

Babu kowa a rumfar sai ni da shi. Ya shanye ruwansa, ya yi mini addu'a, ya miƙe. Ina kallonsa ya tsallaka wurin masu lodi ya shiga motar Tudun Wada, ba ta ƙauyenmu ba, ya zauna gefen taga da rediyon a cinya. Na san mai gyaran da ke can. Ko mita ba shi da ita, da harshe yake gwada batir.

Yaya ya ƙara shekara tara a duniya. Muna zumunci, yana zuwa sunan 'ya'yana, ina zuwa gaishe shi da sallah. Bai sake kawo mini gyaran komai ba.